Tafiyar hutu Norway da mota mai ɗaki: a ba ni shawara don Allah

Baban Hanifa (Hamburg): Slm 'yan uwa, fatan kowa ya wuni lafiya. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga Norway da irin motar nan mai ɗaki da kicin da bayi a ciki. Hutun sati biyu na samu a watan Yuli, ni da maiɗakina da yara uku, niyyata in ɗauki haya a nan Jamus mu miƙe har Nordkapp, can ƙarshen arewa inda ake cewa rana ba ta faɗuwa, a hanyar dawowa mu biya tsibiran Lofoten da garin Bergen. Lasin ɗina na ƙaramar mota ne. Me ya kamata in sani kafin in biya kuɗin haya?

Bakano a Oslo: Wa alaikumus salam. Malam Baban Hanifa sannu da zuwa tun kafin ka iso, amma gaskiya wannan shirin naka aikin direba ne za ka je yi, hutun kam babu shi a ciki. Daga nan Oslo zuwa Nordkapp kusan kilomita 2,000 ne zuwa kawai, kai kuma daga Hamburg za ka taso, sai ka fara cinye wajen 500 kafin ma ka kai Hirtshals a Denmark ka hau jirgin ruwa. Kuma kar ka auna hanyar nan da ta Jamus. Bayan gari 80 ce doka, cikin gari 50, inda ake yin 100 ko 110 ɗan kewayen manyan garuruwan kudu ne kawai. Oslo zuwa Bergen kilomita 460 da wani abu ne amma sai ka yi awa 7 kana hanya a ƙaramar mota ma, balle da katon gida a bayanka. Ni dai shawarata ka zaɓi yanki ɗaya, yamma, inda teku ke kutsowa tsakanin duwatsu, ka bar arewa sai wata shekarar.

Ɗan Damagaram: Kai Bakano ka cika tsoratar da mutane wlh. Ni aikina kenan tuƙin babbar mota, E6 ɗin nan na bi ta, hanya ce lafiyayya har arewa. In mutum yana da mai taya shi tuƙi me zai hana? Wanda ya ratsa Sweden ma ta E4 ya fi saurin kaiwa.

Maman Sadik (Sweden): Yaya Ɗan Damagaram kai kaɗai kake cikin tirelarka da radiyo da fulas ɗin shayi, shi fa yara uku ne a baya ɗaure da bel. Ka taɓa zama da yaro ɗan shekara huɗu awa takwas a mota? Kuma ka ji ya ce matarsa na tuƙi? Kar ku manta dokar nan ba ta san cewa akwai gado a baya ba, muddin mota na tafiya kowa sai ya zauna ya ɗaura bel, yaron da bai kai santimita 135 ba sai da kujerarsa ta yara. Wato ba za a ce Hanifa je ki kwanta a gado kafin mu isa ba.

Baban Hanifa (Hamburg): Anti, maiɗakina ba ta tuƙi, ni kaɗai ne. Ashe ba a kwanciya a baya in ana tafiya? To ni abin da na dogara da shi kenan.

Bakano a Oslo: Ba a yi. Kuma tunda ku biyar ne ka ƙirga kujerun da ke da bel kafin ka sa hannu a takarda, wata motar gadajenta na mutum biyar ne amma kujerun tafiya huɗu. Sai maganar lasin. Na ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500 ne duka-duka, wato motar da ku da ruwa da gas da tukwanen Maman Hanifa. Manyan motocin nan na iyali da kansu sun kusa cinye nauyin, abin da ya rage maka ɗan kaɗan ne. Lita 100 na ruwa kilo 100 ne, don haka kar ka cika tanki fal ka hau hanya, ruwan famfo a ƙasar nan garau yake kuma ana samu a gidan mai da zango, wato wurin da masu irin motar nan ke biya su kwana, ka riƙa ɗiba daidai bukata.

Ɗan Damagaram: Nan kam na yarda da kai. Kuma tsawon mota ya fi nauyi ciwo a aljihu. Jiragen fito na can da tsawo suke caji, ƙasa da mita 6 kuɗin ƙaramar mota, da ka haura ko da tafin hannu ne farashi ya yi tsalle, in ka rataya kekuna a baya ma a ciki suke. A yamma kuwa hanya kawai za ta ƙare a bakin ruwa, ka shiga layi, jirgi ya zo ya buɗe baki, wani mai rigar ɗorawa ya yafito ka ya nuna maka inda za ka tsaya, minti goma ko ashirin kun haye, hanya ta ci gaba. A wuni ɗaya kana iya yin haka sau da yawa.

Maman Sadik (Sweden): Mutum biyar a mota ƙasa da mita 6? Haba dai. Sai dai in a tsaye za su kwana. Mu da muka je mun ɗauki mai wajen mita 7, mai gado saman direba, mun biya ƙarin amma kowa ya miƙe ƙafa. In ruwan sama ya tsare ku a Bergen wuni guda, kuma zai tsare ku don garin nan da ruwa kamar an ɗaura musu aure, a lokacin za ka san darajar wannan mita ɗayan.

Bakano a Oslo: Anti gaskiyarki kan yara, amma bari in faɗa masa kuɗin mita ɗayan nan a kan hanya. Akwai hanyoyi a yamma da faɗinsu bai wuce mota ɗaya da rabi ba, gefe guda dutse a tsaye gefe guda ruwa can ƙasa. Za ka riƙa ganin ƙaramin allo shuɗi da harafin M fari, wannan wurin kaucewa ne, an ɗan faɗaɗa hanyar don a ba juna wuri, ba a fakin a ciki ko da hoto za ka ɗauka. Na taɓa ganin wani baƙo a hanyar hawa Stegastein saman Aurland, ya yi kiciɓis da bas ɗin 'yan yawon buɗe ido a lanƙwasa, direban bas ya kashe injin ya harɗe hannu, shi kuwa bawan Allah sai da ya yi ribas mai nisa matarsa ta sauka tana tafe a baya tana ɗaga masa hannu, madubinsa saura kaɗan ya goge dutse, layin motoci a baya kowa shiru ba mai hon. In ka san ribas ɗinka da doguwar mota bai nuna ba, ka samu fili a Hamburg ka gwada tun ranar da ka karɓe ta. Kuma in ka ga motoci sun taru a bayanka ka ratse a wuri na farko ka bar su su wuce, 'yan gari ne masu zuwa aiki, abin da ya fi ba su haushi da masu irin motar nan kenan.

Ɗan Damagaram: Gangara kuma da giya ake sauka. Ka sa ta biyu, injin ya riƙe motar, birki kana taɓawa kana saki. Wanda ya danne birki tun daga sama zuwa Geiranger zai ji ƙauri kafin ya kai ƙasa, in ya yi zafi kuma sai ya ƙi kamawa. Hanyar hawa dutse ta Trollstigen lanƙwasa 11 ce, ta Lysebotn 27. Fitila kuma a kunne dare da rana, doka ce. Cikin ramin dutse ka rage gudu daga bakin shiga don tumaki na fakewa a ciki saboda inuwa, da idona na gan su kwance a kan kwalta suna tuƙa ba ruwansu.

Hajiya 'Yar Kumasi: Ni tambayata daban. An ce a ƙasar nan ko ina ka ga dama sai ka tsaya ka kwana kyauta, doka ta ba ka. In haka ne ai an huta da kuɗin zango, ko?

Bakano a Oslo: Hajiya rabin maganar aka faɗa miki. Dokar tana nan tun 1957, ta ba kowa damar yawo a daji da dutse ya kafa tanti ya kwana, da sharaɗin ya nisanci gida ko bukkar da ake zama da mita 150, kuma kar ya wuce kwana 2 a wuri ɗaya sai da izinin mai ƙasa. Amma wannan don mai tafiya a ƙafa aka yi ta, ba ta ba mota damar sauka daga kwalta ta shiga ciyawa ko gona ko bakin rairayi ba, akwai wata dokar daban da ta hana hakan. Abin da mai mota zai iya shi ne ya tsaya a wurin fakin ko wurin hutawa na gefen hanya in babu allon hani. Allunan hanin kuwa kullum ƙaruwa suke yi musamman a Lofoten, saboda abin da baƙi suka riƙa yi.

Ɗan Damagaram: To ni dai ban ga dalilin da zan biya kuɗin haya mai bayi da kicin sannan in sake biyan kuɗin wurin kwana ba. Ga manhajar Park4Night a waya, ka duba ka ga inda wasu suka kwana ka je ka kwana. Wurin da ya fi kyau ma ba a zango yake ba.

Maman Sadik (Sweden): Yaya ka bari kawai, ka sa an zo wurin. Bayin nan da kake taƙama da shi ɗan tanki ne ƙarami da ake zarowa ta gefen mota, lita ashirin ma da ƙyar. Bature da takardarsa zai kwana uku bai cika shi ba, mu da buta fa? Ga yara uku? Wlh kullum sai an zubar. Kuma ba a zubarwa a daji ko a kwata, akwai wuraren da aka ware, a zango da wasu gidajen mai da wasu wuraren hutawa, ka jawo shi da hannu kamar akwatin tafiya ka juye ka ɗauraye ka zuba maganin nan shuɗi. Ruwan wanke-wanke da na wanka shi ma tankinsa daban, wurin zubarwarsa daban. Mu abin da muka yi, alwala a waje muke yi da jarka, dare ɗaya a gefen hanya dare ɗaya a zango don a yi wanka mai kyau a wanke kaya a caja batir. Baban Hanifa ka sayi safar hannu ta roba, kuma tun yanzu ka san aikin nan naka ne, kar ka ce za ka bar wa baiwar Allah.

Baban Hanifa (Hamburg): Hhhh Anti na ji, na karɓa. Wannan bayanin ko a bidiyon masu hayar ban gan shi ba. To kuɗin hanya fa? Na ji an ce babu tolget amma ana biya.

Bakano a Oslo: Babu mai tsayar da kai, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, tsarin sunansa AutoPASS. Motar da ke da lambar waje ana yi mata rajista a Epass24 a haɗa da kati, na jiragen fito kuma akwai FerryPay. Amma tunda haya ce ka tambayi kamfanin a rubuce yadda suke yi, don in takardar ta je musu wasu sukan ɗora nasu ladan a kan kowace ɗaya, sai bayan wata biyu ka ga ana zarar kuɗi daga katinka. A nan ka tambaye su har da iyakar kilomita, da ko inshorar ta shafi Norway, da nawa za su riƙe na ajiya. Gilashin gaba da madubin gefe su ne aka fi fasawa. Gudu kuma kar ka gwada, tararsu ba ta wasa ba ce, akwai kyamarorin da ke auna lokacin da ka ɗauka tsakanin wuri biyu, taka birki a gabansu ba ya ceto.

Abu ɗaya mai daɗi, ramin Laerdal kyauta ne. Kilomita 24.5 a cikin dutse, an buɗe shi a 2000, babu ramin mota da ya kai shi tsawo a duniya, an yi wasu manyan kogo uku a ciki da fitila shuɗiya don kar barci ya ɗauki direba. Yara za su so shi.

Hajiya 'Yar Kumasi: Abinci fa? Ni ba zan iya wuni a kan burodi da cuku ba. Zan iya tafiya da kilishina da dambun nama?

Bakano a Oslo: Hajiya in daga gida aka kawo miki shi, a'a, nama daga wajen ƙasashen Turai haramun ne a kwastan ɗinsu. Wanda aka saya a Jamus ko Denmark an yarda har kilo 10 nama da cuku a haɗe ga mutum ɗaya. Ɗanyen dankalin Turawa kuma kar a shigo da shi, sun hana. Naman halal a Oslo unguwar Gronland ba matsala, Bergen ma ana samu, amma da kun shiga ƙauyukan yamma ku manta, sai kifi da ƙwai.

Maman Sadik (Sweden): Ku yi sayayyar ku a Jamus, shinkafa, taliya, manja, tumatirin gwangwani, madara, komai ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ku tuna da maganar nauyi. Ni miya na soya mai yawa na daskarar a ƙananan robobi, firij ɗin ƙarami ne. A can Kiwi da Rema 1000 da Extra su ne masu sauƙi, kuma ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke, ku sayi na Lahadi tun Asabar. Robar lemo kar ku yar, akwai injin a bakin kanti da ke mayar da kuɗi, Sadik ya mai da shi sana'a. Baban Hanifa in kana da ƙugiya ka tafi da ita, kamun kifi a teku da sanda kyauta ne ba takarda, kogi da tafki ne sai ka sayi izini.

Ɗan Damagaram: Gas! Kowa ya manta da gas. Tukunyar Jamus ba a musanya ta a Norway, bakinsu daban ne. Ka taho da biyu cike, in za ta ƙare akwai wuraren LPG da ke cikawa amma ba ko ina ba. Girki ba ya cin gas sosai, ɗumama ɗaki ne ke shanye shi, kuma kan dutse ko a Yuli dare na da sanyi, ku ɗauki rigunan sanyi da barguna. A jirgin ruwa sai an rufe kan tukunyar. Wuta a daji kuma an hana daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba, kar a ce za a gasa masara a gindin itace.

Ustazu Abu Maryam: Assalamu alaikum. Na ga an yi ta maganar birki da gas, ba wanda ya taɓo salla, ita ce kuwa za ta fara rikita shi. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu har wajen 22 ga Yuli, Nordkapp ma ya fi haka tsawo. Musulmin Tromso, masu masallacin Alnor, a irin wannan lokacin jadawalin Makka suke bi. Wasu malamai sun ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, duka dai ƙaddarawa ce, asalinta hadisin kwanakin Dujal. Ko a kudun ma da sauran aiki, a Bergen ƙarshen Yuni rana sai wajen 11 na dare take faɗuwa ta fito 4 da 'yan mintoci, jan shafaƙi ba ya gushewa sosai, shi ya sa manhajojin waya kowace da lokacin da za ta ba ka na lisha da asuba. Ka ɗauki jadawalin masallacin garin da ya fi kusa da kai ka tsaya a kansa. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru, kana da rangwamen haɗa azahar da la'asar, magariba da lisha. A mazhabar Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya sai ka cika. Alƙibla kudu maso gabas. Ka zauna da malaminku na Hamburg kafin ka tashi.

Hajiya 'Yar Kumasi: Allah ya saka da alheri Ustaz. To yara ya suke barci rana na tsaye?

Maman Sadik (Sweden): Da ƙyar Hajiya. Tagogin suna da labule mai toshe haske amma yana ɓullowa ta gefe, ni tawul na riƙa cusawa. Sai kin riƙa duba agogo, in ba haka ba sha ɗayan dare za ki ga yara na wasa a waje ke kuma kina jiran magariba ki ɗora tukunya.

Baban Hanifa (Hamburg): Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da maiɗakina mun karanta tare, ita tun a maganar bel ta ce Nordkapp ta yafe. Ga abin da muke tunani yanzu: jirgi daga Hirtshals zuwa Kristiansand, mu bi ta Stavanger, Bergen, Aurland da ramin nan, Geiranger, in lokaci ya bari Trollstigen, mu sauko ta Oslo mu biyo Sweden da gadar Oresund da ke haɗa ta da Denmark zuwa gida. Dutsen Preikestolen na kusa da Stavanger fa, za a iya hawa da yara?

Bakano a Oslo: Wannan ya yi, ko shi ma ya cika amma ana iya yanke wani abu a hanya. Jirgin awa 3 da 'yan mintoci ne, ka kama wuri tun yanzu kuma ka rubuta ainihin tsawo da tsayin motar, don sati ukun ƙarshen Yuli hutun gama-gari ne a nan, kowa na hanya, zango ma ka riƙa isa kafin la'asar. Preikestolen kilomita 4 ne hawa 4 saukowa, wajen awa 4, dutsen mita 604 saman ruwa kuma babu shinge a bakinsa ko kaɗan. Manyan yara masu jin magana da takalmi mai kyau za su iya, ɗan shekara huɗu ni ba zan kai shi ba. Ka sauke manhajar Yr don yanayi. Lambobi kuma 112 'yan sanda, 113 motar asibiti, 110 kashe gobara. In kun iso Oslo ku yi min magana ta akwati, akwai tuwo.

Ɗan Damagaram: Ni har yanzu ina nan kan bakana, da ni ne da na kai Lofoten, jirgin Bodo zuwa Moskenes awa 3 da wani abu ne kawai. Amma tunda uwargida ta yanke hukunci shikenan. Trollstigen dai kar ka dogara da ita sai ka duba, a 2024 rufe ta suka yi saboda faɗowar duwatsu, kuma ko wace shekara dusar ƙanƙara ce ke yanke ranar buɗewa. Ka duba shafin hukumar hanyoyinsu ko ka kira 175 da safen ranar kafin ka hau, in a rufe take ka zagaya ta Alesund.

Maman Sadik (Sweden): Gadar Oresund ita ma da tsawo take caji fa, ka sa ta a lissafi tun yanzu.